Masallacin Nghar Yelwa da darasin rajistar Holan

Ranar 23 ga Yunin 2018, da mahara suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi a jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci 262 a gidansa da masallacinsa na Nghar Yelwa. Maharan suka nemi ya fito da su, ya ƙi. Amurka ta karrama shi a 2019, Shugaba Buhari kuma ya ba shi lambar MON a Abuja a 2022. An yaba wa jarumtarsa yadda ya kamata, amma ba a cika tsayawa kan abin da ya hana maharan samu ba, wato hanyar tantance wane ne wane.

A Holan lokacin yaƙin duniya na biyu, ma'aikatan gwamnati ne suka samar da wannan hanya, galibinsu ba da mugun nufi ba. Rajistar jama'ar ƙasar tsaf take, har da addinin kowa. Da Jamus ta mamaye ƙasar a 1940, aikin zaƙulo Yahudawa ya zo mata da sauƙi. Kusan kashi uku cikin huɗu nasu suka halaka, adadin da ya zarce na Faransa da Beljiyam nesa ba kusa ba. Iyalin Anne Frank sun shiga maɓoya a Amsterdam a Yulin 1942, aka kama su a Agustan 1944. A Maris na 1943 'yan gwagwarmaya sun cinna wa ofishin rajistar birnin wuta, sai dai kaɗan daga takardun ne suka ƙone.

Najeriya ba ta ƙarƙashin mamaya, kuma tsarin raba daidai a aikin tarayya ba ya yiwuwa sai an san asalin kowa. Amma fayil ɗin ma'aikaci na ɗauke da jiharsa da ƙaramar hukumarsa, sau da yawa har da addini, a ƙasar da batun ɗan ƙasa da baƙo ya sha jawo zubar da jini, musamman a Filato. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sanya addini da ƙabila cikin bayanan da ke buƙatar kariya ta musamman. Duk da haka jerin sunayen ma'aikata na yawo a WhatsApp daga hannun mataimaki zuwa na mataimaki, ba tare da an rubuta wanda ya nema ko dalilinsa ba.