Daga gawayi zuwa tangaran

Mai toya gawayi a daji da masanan Jami'ar Erlangen ta Jamus, matakinsu na farko ɗaya ne: a gasa itace inda iska ba ta shiga har ya koma gawayi. Daga nan hanya ta rabu. Masanan sukan narka silikon, wanda sai zafi ya kai digiri 1414 yake narkewa, gawayin ya tsotse shi, su haɗe su zama tangaran mai tsananin tauri. Abin burgewa, ƙananan hanyoyin da bishiyar ke jan ruwa da su suna nan daram, kuma su ake nema, domin da irin wannan tangaran ana iya tace ruwa ko hayaƙi mai zafi. A Faenza ta Italiya ma, da wata dabara daban, an mai da itacen ratan na saƙar kujeru wani abu mai kama da ƙashi, har aka gwada shi a jikin tumaki. Ni dai a ganina, sassan kimiyya na jami'o'inmu ba su da uzuri. Guntayen katako suna zube a wurin kafintoci, ba sai an sare bishiya ko ɗaya ba. A sama musu tanderu da wutar da ba ta ɗaukewa, su shiga aikin.