SHARHI: Pogacar, Vingegaard da Girmay, dabaru uku na cin tseren keke da abin da ya hana mu shiga ayarin

Ranar Lahadi 28 ga Satumban 2025, mahaya keke 165 suka tashi a birnin Kigali na ƙasar Ruwanda domin neman kambun duniya na tseren keke a kan titi. Wannan ne karo na farko da aka kawo gasar nahiyar Afirka. Bayan tafiyar kilomita 267 da hawan tuddai da jimillarsu ta haura mita 5,000, mutum 30 kacal ne suka kai ƙarshe. Tadej Pogacar ɗan ƙasar Sloveniya ne ya zo na ɗaya. Cikin talatin ɗin nan, ɗan Afirka guda ne tak, wato Amanuel Ghebreigzabhier na Eritiriya, shi ma a can ƙarshen jerin.

Mai kallo zai iya cewa ai ƙarfin ƙafa ne ya raba gardama. Amma wanda ya bibiyi manyan tsere na shekaru huɗu da suka wuce ya san cewa ƙafa ɗaya ce daga cikin abubuwa uku. Sauran biyun su ne tawagar da ke bayan mahayi, da irin hanyar da aka shimfiɗa masa. A nan ne labarin ya shafe mu.

Iska, ayari da madugu

Babbar abokiyar gabar mai tseren keke ita ce iska. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfin da zai kashe, wanda ke tsakiyar taro kuwa ya fi haka samun sauƙi. Shi ya sa mahaya ke tafiya a dunƙule kamar ayarin fatake. A gasar Tour de France, wadda ake yi a zango 21 cikin mako uku, kowace tawaga na da mutum takwas. Galibi guda ne madugu, sauran bakwai aikinsu su tare masa iska, su ɗebo masa ruwa da abinci daga motar tawaga, su kamo duk wanda ya ɓalle, in ta kama ma su ba shi kekensu idan nasa ya lalace. Wanda jimillar lokacinsa ta fi ƙanƙanta shi ke sa riga mai ruwan ɗorawa, wanda ya fi tara maki a gudun ƙarshen zango kuma shi ke sa koriyar riga.

Saboda haka tambayar da ke gaban kowane madugu guda ce: yaushe zan fita daga inuwar ayari in fuskanci iska ni kaɗai? Amsar da kowa ke bayarwa ita ce dabararsa.

Pogacar: ɓallewa tun da sauran tafiya

Amsar Pogacar ita ce a fita da wuri, tun lokacin da abokan hamayya ke ganin hauka ne. A gasar duniya ta 2024 a Zurich, ya kai farmaki saura kilomita kusan 100, ya kuma yi nasara. A wannan shekarar ya haɗa Giro d'Italia da Tour de France da kambun duniya, abin da kafin shi Eddy Merckx a 1974 da Stephen Roche a 1987 kaɗai suka yi a cikin maza. A Kigali ya maimaita: ya ɓalle a hawan Dutsen Kigali saura kilomita fiye da 100, ya rabu da abokin tafiyarsa na ƙarshe, Isaac del Toro ɗan Meziko, saura kilomita 66, ya ƙarasa shi kaɗai da tazarar minti 1 da sakan 28 tsakaninsa da Remco Evenepoel na Beljiyam.

Akwai lissafi a cikin wannan ganganci. Idan mutum ɗaya ya yi gaba, waɗanda ke baya sun fi shi yawa, kuma da za su haɗa kai suna karɓa-karɓar iska da sun kamo shi. Amma kowannensu na tsoron ya gaji wajen kamowa, wani ya ci moriyar wahalarsa a ƙarshe. Sai a koma kallon juna, tazara na ƙaruwa. Pogacar ya dogara da ƙafarsa, ya kuma dogara da rashin yardar da ke tsakanin masu binsa.

Vingegaard: sarkin yawa

Jonas Vingegaard ɗan Denmak ba shi da wannan fizga, kuma bai cika shiga tseren yini guda ba. Ƙarfinsa yana fitowa ne a dogayen duwatsu masu tsayin sama da mita 2,000, cikin mako na biyu da na uku, bayan gajiya ta taru. Da wannan ne ya kayar da Pogacar sau biyu a Tour de France, a 2022 da 2023.

Zango na 11 na 2022 shi ne darasin da masu nazarin wasan ke yawan komawa gare shi. Tawagarsa ta Jumbo-Visma tana da madugai biyu, shi da Primoz Roglic, yayin da cutar korona ta riga ta rage wa Pogacar 'yan rakiya. Tun a kan hanyar dutsen Galibier suka shiga kai masa farmaki bi da bi: wannan ya ɓalle, Pogacar ya kamo shi, ɗayan ya ɓalle. Pogacar ya amsa kowane kira, ya ƙone ƙarfinsa. Da aka zo hawan ƙarshe na Col du Granon, Vingegaard ya tafi, Pogacar ya iso bayan minti 2 da sakan 51, rigar ta suɓuce masa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

A 2023 lafiyar jiki ce ta yi hukunci. Pogacar ya karye a wuyan hannu a watan Afrilu, shirinsa ya ragu. Ya yi kafaɗa da kafaɗa da Vingegaard har mako biyu, sannan ya rasa minti 1 da sakan 38 a tseren agogo na Combloux, inda kowa ke tafiya shi kaɗai, washegari kuma ya durƙushe a Col de la Loze. Tazarar ƙarshe ta kai minti 7 da sakan 29. A 2024 reshe ya juye da mujiya: Vingegaard ne ya yi mummunar faɗuwa a Sifaniya a watan Afrilu, ya karya ƙashin wuya da haƙarƙari, huhunsa ya taɓu, Pogacar ya ci gasar da tazarar minti 6 da sakan 17.

Shekarar 2025 ce ta fi ba da amsa, domin dukansu sun zo da lafiyarsu. Tawagar Vingegaard ta sake gwada dabarar gajiyarwa, amma UAE, tawagar Pogacar, ta riga ta koyi darasi, ta tara masu hawa da ke iya raka shi har gindin dutsen ƙarshe. A Hautacam, inda aka wahalar da shi a 2022, ya ba Vingegaard minti 2 da sakan 10. Ya ci gasar karo na huɗu da tazarar minti 4 da sakan 24. Vingegaard ya rage zafi da cin gasar Vuelta ta Sifaniya a watan Satumba, wadda Pogacar bai shiga ba.

Wannan ba ya nufin Pogacar ba shi da lago. Mako guda kafin nasararsa a Kigali, a tseren agogo, Evenepoel ya tashi minti biyu da rabi bayansa, ya cim masa, ya wuce shi a gaban jama'a. Inda babu ayari, babu kallon juna, sai mutum da iska da agogo, Evenepoel ne a gaba. Kowane gwani da filinsa.

Girmay: mai haƙuri da filin da bai dace da shi ba

Biniam Girmay, wanda aka haifa a Asmara a shekarar 2000, gwanin wani fili ne daban. Shi mai gudun ƙarshe ne: yana ɓuya cikin ayari na sa'o'i huɗu ko biyar, yana tattalin ƙarfi, domin ya zube shi duka a mita 200 na ƙarshe. Ya fi haɗari idan ƙarshen zangon yana da ɗan tudu, ko kuma hanyar ta riga ta galabaitar da masu nauyin jiki. Da haka ya ci Gent-Wevelgem a Beljiyam a watan Maris na 2022, da zango ɗaya na Giro a watan Mayun shekarar. A 2024 ya ci zango uku a Tour de France, ya kuma ɗauki koriyar riga, ɗan Afirka na farko da ya yi haka, a tawagar Intermarché wadda kuɗinta bai kama ƙafar na UAE ko Visma ba.

Amma da gasar duniya ta zo gida, sai aka zana hanyar da ta dace da masu hawan dutse. Girmay da kansa ya koka tun kafin ranar cewa hanyar ba ta bai wa mahayan Afirka dama ba, kuma bai kai ƙarshe ba. Nahiyar ta samu baƙi da kyamarori da yabo, amma fitaccen ɗanta ya shiga tseren da tun a takarda ba nasa ba ne. Wanda ya zana hanya ya riga ya zaɓi rabin waɗanda za su iya ci.

Girmay ma ba daga sama ya faɗo ba. Asmara tana bisa tsayin mita 2,300, keke ya shiga jinin mutanenta tun zamanin mulkin mallakar Italiya, ana kuma rufe titunanta domin tsere a kai a kai. Ruwanda na da gasarta ta Tour du Rwanda tun 1988. Burkina Faso na da Tour du Faso tun 1987. Yaro yana koyon laɓewa daga iska da karanta ayari ne ta hanyar shiga tsere sau da yawa, ba daga kallon talabijin ba.

Mu kuma fa?

A gasar Olamfik ta Paris a 2024, Ese Ukpeseraye ta zama 'yar Najeriya ta farko da ta wakilci ƙasar a tseren keke. Domin shiga tseren cikin fili, sai da tawagar Jamus ta ara mata keke. Ma'aikatar wasanni ta ce gurbin ya zo ne a ƙurarren lokaci. Ko da an karɓi wannan uzuri, ƙasar da ke da filin tseren keke a Abuja tun gasar Afirka ta 2003 ba ta da hujjar rasa keke guda a ajiye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan haka lamarin yake a sama, to a dubi ƙasa. A yammacin Zamfara, a Anka da Bukkuyum da Gummi, keke ba abin wasa ba ne. Shi ke kai ɗalibi makaranta, shi ke ɗaukar jarkokin ruwa da damin hatsi da itace. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, hawa babur ya ƙara tsada, mai keke ya ƙara daraja. Matashin da ke tuƙa buhun gero a kan tsohon keke marar giya, cikin rairayi da zafin bazara, yana yin irin aikin juriyar da masu horarwa ke nema. Ba wanda ya taɓa auna shi, domin babu inda za a auna shi.

Tseren titi yana buƙatar abin da ya fi keke tsada: hanyar da hukuma za ta iya rufewa na sa'o'i biyar, jama'a su jeru a gefenta ba tare da fargaba ba. Wannan kuwa shi ne abin da yankin ya rasa. A watan Satumban 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako, ta taƙaita zirga-zirgar babura, aka kuma katse layukan waya saboda 'yan bindiga. A watan Janairun 2022 aka yi wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum kisan gilla, inda mazauna suka ce an kashe kusan mutum 200, gwamnati ta ce 58. Hanyar da ta tashi daga Mayanci zuwa Anka, ta bi ta Daki Takwas zuwa Gummi, hanya ce da matafiya ke shiga da addu'a a baki.

Ba wanda zai ce wa manomin da ke biyan harajin 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa cewa tseren keke ne damuwarsa. Amma misalin Burkina Faso abin dubawa ne. Rashin tsaro ya sa ba a yi Tour du Faso a 2022 ba, aka dawo da shi a 2023, domin hukumomin can sun fahimci cewa ayarin kekuna a kan titi shaida ce ta wanda ke iko da titin. Gwamna na iya cewa tsaro ya inganta a gaban 'yan jarida a Gusau, amma ba zai iya sa iyaye su saki 'ya'yansu a kan hanyar da suka san ba ta da aminci ba.

Akwai abin da za a iya farawa da shi tun yanzu, wanda bai kai kuɗin motar jami'i guda ba: gajeren tsere na zagaye a cikin gari, a Gummi ko Anka, tsakanin makarantun sakandare, da kekunan da yaran ke da su, a riƙa rubuta lokacin kowa, a aika waɗanda suka yi fice gasar wasanni ta ƙasa. Akwai kuma tambayoyin da ya dace matasa su yi wa 'yan majalisarsu idan an zo kare kasafin kuɗi: nawa aka ware wa wasanni ban da ƙwallon ƙafa, nawa aka saki, kuma nawa ya fita daga Gusau zuwa ƙananan hukumomi?

Pogacar ya ci Kigali da ƙafarsa, amma a bayansa akwai tawaga, akwai likitoci, akwai titunan da ya yi tsere a kansu tun yana ɗan shekara tara. Yaron Bukkuyum yana da ƙafar. Ranar da ya iya tuƙa kekensa daga Anka zuwa Gummi cikin ayarin 'yan uwansa, ba tare da motar sojoji a gaba da baya ba, ba sai wani kwamishina ya kira taron manema labarai ya shaida mana an samu zaman lafiya ba.