Siraran tayoyi na filin tsere ne

A filayen tseren motoci na Amurka, inda ake gudun mita 402 a miƙe, siraran tayoyin gaba suna da ranarsu: faɗinsu kamar inci 4, ba nauyi, ba sa cinye ƙarfin inji. Amma wanda ya bar su a motar da yake hawa cikin gari, wallahi ganganci yake yi. Titi akwai kwana, akwai ruwan sama, akwai yaro mai tsallakawa. Da ka taka birki, nauyin mota gaba yake rinjaya, tayoyin gaba ne ke yawancin aikin tsayarwa. Siririyar taya ba ta kama kwalta sosai, sulɓewa take yi. Direba, in an tashi daga tsere, ɗauko jak ka mayar da tayoyin titi kafin ka kama hanyar gida.