ARAHA BA TA ADO: HATSARIN SAYEN LALITAR KUƊIN KIRIFTO A HANNUN DILLALAI

Tun daga watan Nuwamba na 2022, lokacin da babbar kasuwar nan ta musayar kuɗin kirifto mai suna FTX ta durƙushe, dukiyar jama'a ta biliyoyin daloli ta maƙale a cikinta, masu riƙe da irin wannan kuɗi a ko'ina cikin duniya suka shiga neman hanyar da za su ajiye abinsu a hannunsu, ba tare da sun ba wani kamfani amana ba. Hanyar da aka fi yabawa kuwa ita ce wata 'yar na'ura wadda ba ta fi ɗan yatsa ko akwatin ashana girma ba, wadda 'yan harkar ke kira walat, watau lalita. Kamfanoni biyu ne suka fi suna wajen ƙera ta: Trezor na ƙasar Cek, wanda ya fara sayar da tasa a shekarar 2014, da kuma Ledger na Faransa, wanda aka kafa a wannan shekara.

Wannan batu ya shafe mu ƙwarai. A ƙididdigar da kamfanin Chainalysis ya fitar a 2023 da 2024, Nijeriya ce ta biyu a duniya wajen rungumar kuɗin kirifto, Indiya kaɗai ke gabanta. A watan Disamba na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya janye umarnin da ya bayar a Fabrairun 2021 na hana bankuna hulɗa da masu wannan ciniki, kuma a watan Maris na 2025 aka sa hannu a kan sabuwar dokar zuba jari da hannayen jari, wadda ta sa irin wannan kadara ƙarƙashin kulawar hukumar SEC. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a iske ma'aikacin gwamnati ko ɗalibi yana tsimin ɗan abin da ya samu ta wannan hanya, yana kuma neman inda zai adana shi. To, a nan ne gizo ke saƙa, domin kuwa odar lalita daga Turai na tafe da kuɗin aikawa da na kwastan da doguwar jira, alhali ga dillali nan a intanet ko a kasuwar waya yana cewa yana da ita a hannu, kuma da rangwame.

ABIN DA LALITAR KE TSAREWA

Kafin a gane hatsarin, wajibi ne a san cewa babu ko anini a cikin na'urar. Kuɗin suna rubuce ne a wani babban kundi na bai ɗaya da dubban kwamfutoci ke riƙe da shi a faɗin duniya. Abin da lalitar ke tsarewa shi ne mabuɗin da ke ba mutum ikon fitar da kuɗi daga wannan kundi. Ranar da aka fara kunna sabuwar na'ura, ita da kanta take ƙirƙiro mabuɗin, ta nuna wa mai ita kalmomin sirri guda 12 ko 24 waɗanda ta tsinto daga jerin kalmomi 2,048, shi kuma ya rubuta su a takarda ya ɓoye. Idan kalmomin 24 ne, yawan hanyoyin da za su iya fitowa ya kai lamba ɗaya mai sifiri 77 a bayanta, abin da babu kwamfutar da za ta iya lalubo shi da canke.

Amma fa waɗannan kalmomi su ne dukiyar gaba ɗaya. Duk wanda ya san su zai iya zuba su cikin wata na'ura a wata ƙasa, ya kwashe kuɗin, alhali lalitar mai su tana kulle cikin akwati. Ashe ke nan tambayar da ta kamata mai saye ya yi wa kansa ita ce: wane ne ya fara ganin kalmomin nan, ni ko wani? Wanda ya sayi kwado a hannun mutumin da ya riga ya yanka wa kansa makulli, ai bai kulle ɗakinsa ba.

DABARUN MAZAMBATA

Dabara ta farko ba ta bukatar wani ilmi mai zurfi. A watan Janairu na 2018 wani mutum a Ingila ya bayyana cewa ya yi asarar kimanin fam 25,000 bayan ya sayi na'urar Ledger a hannun wani dillali a kasuwar eBay. Na'urar ta ainihi ce, ba jabu ba. Abin da dillalin ya yi shi ne ya kunna ta, ya kwafe kalmomin 24, ya buga su a wani kati mai kyan gani irin wanda ake kankarewa kamar katin waya, ya haɗa da takardar bayani ta ƙarya, ya mayar cikin kwali. Mai saye ya kankare kati yana ganin shi ne na farko da ya ga abin da ke ƙarƙashi, ya zuba kuɗinsa, dillali kuwa ya kwashe.

Dabara ta biyu ta fi wannan muni, domin cikin na'urar ake taɓawa. A watan Mayu na 2023 kamfanin Kaspersky mai binciken tsaron kwamfuta ya ba da rahoton wata na'ura mai kama da Trezor Model T da aka saya ta wani dandalin talla. Kwalin da tambarin da ke ƙyalli duk suna nan daidai, allon yana aiki, babu abin da zai sa mutum ya yi shakka. Da masu bincike suka buɗe ta sai suka tarar an cire ƙwaƙwalwar asali an dasa wata, an manne murfin da gam. Manhajar da aka sa a ciki ba ta ƙirƙiro sababbin kalmomi, sai dai ta zaɓi ɗaya daga cikin jeri 20 da ɓarayin suka tanada tun da farko. Mai karatu ya auna lamba mai sifiri 77 da 20, zai ga girman zambar. Ɓarayin kuma ba su yi gaggawa ba, sai da suka bari aka yi kamar wata guda da zuba kuɗi, sa'an nan suka kwashe bitkoyin 1.33, wanda a lokacin ya kusa dala 30,000. A ranar da aka yi satar ko haɗa na'urar da kwamfuta mai ita bai yi ba.

Abin bai tsaya nan ba. A watan Yuni na 2025 kamfanin SlowMist ya ba da labarin wani da ya yi asarar fiye da dala miliyan 6 bayan ya sayi lalita ta dandalin Douyin na ƙasar Sin, wadda aka riga aka san mabuɗinta kafin ta iso hannunsa.

Darasin da ke cikin waɗannan misalai guda ne. Kwali mai kyau da leda da hatimi ba shaida ba ne, domin wanda ya iya dasa ƙwaƙwalwa cikin na'ura ba zai kasa buga takarda mai ƙyalli ba. Yabon da ake gani a ƙarƙashin sunan dillali shi ma ba abin dogara ba ne, tun da satar ba ta bayyana sai bayan makonni ko watanni, lokacin da mai saye ya riga ya yaba, dillali kuma ya sauya suna. Haka nan ba lalle ba ne dillalin da kansa ya zama ɓarawo. Yana iya yiwuwa shi ma ya saro kayan ne daga wani, wanda ya saro daga wani. Kowane hannu da na'urar ta bi kafin ta iso, ƙofa ce, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

KO SAYE DAGA KAMFANI YA ISA?

Adalci ne a faɗi cewa saye daga kamfani ma yana da nasa ƙalubale. A 2020 aka kutsa cikin bayanan cinikin Ledger, aka saci adireshin imel kimanin miliyan ɗaya, kuma a watan Disamba na shekarar aka watsa sunaye da adireshin gida da lambobin waya na mutane kimanin 272,000. Ba a taɓa kuɗin kowa kai tsaye ba, amma ɓarayi sun san gidajen da ke da lalita. A 2021 wasu daga cikin mutanen suka fara samun sababbin na'urori ta gidan waya, tare da wasiƙar ƙarya da sunan kamfanin, wai a musanya tsohuwar don tsaro. A cikin na'urorin an liƙa ma'ajiya mai ɗauke da manhajar da ke neman mutum ya rubuta kalmominsa 24. Wannan ita ce dabara ta uku, watau kyautar da ba a nema ba, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa.

Duk da haka bambancin a fili yake. Wanda ya saya daga kamfani, aka kuma fallasa adireshinsa, har yanzu mabuɗinsa na hannunsa muddin bai ba da shi ba. Wanda ya sayi lalitar da aka riga aka taɓa kuwa, tun ranar farko ba shi kaɗai ke da mabuɗin ba.

ABIN YI

Ma'aikacin da ya saba da banki ya kamata ya lura da wani abu. Idan bankin kasuwanci ya rushe, hukumar NDIC na biyan mai ajiya har naira miliyan 5, bisa ƙarin da aka yi a 2024. Idan an zare kuɗi daga asusu ba bisa ƙa'ida ba, akwai manaja, akwai takardar koke. A kuɗin kirifto babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Da zarar an rubuta fitar kuɗi a kundin, babu mai ikon soke ta. Don haka rigakafi ne kaɗai magani.

Da farko, a sayi lalita daga kamfanin da ya ƙera ta, ko daga wakilin da kamfanin ya lissafa sunansa a shafinsa, ko da za a biya ƙari a kuma yi jira. Kada a sayi ta hannu, kada a karɓi kyautarta daga wanda ba a sani ba. Na biyu, duk na'urar da ta zo da kalmomi a rubuce, ko da lambar sirri da aka riga aka sa, to a ajiye ta gefe. Kamfanin kirki ba ya aiko da su. Na uku, a sauko da manhajar kamfanin daga shafinsa na ainihi, a bar ta ta gwada sahihancin na'urar kafin a zuba ko kwabo. Na huɗu, kalmomin sirri a takarda suke zama. Ba a ɗaukar hotonsu, ba a rubuta su a waya ko kwamfuta, ba a kuma karanta wa kowa su, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfani ne. Wanda kuma ya riga ya saya a hannun dillali, kada shirun da ya gani ya ruɗe shi. Ya nemi sahihiyar na'ura, ya ƙirƙiri sababbin kalmomi, ya mayar da dukiyarsa can tun da wuri.

Hukumomi ma da sauran aiki a gabansu. Tun da doka ta amince da wannan kadara, ya dace hukumar SEC da hukumar kare haƙƙin masu saye su wayar da kan jama'a cikin harsunan da suke ji, a rediyo da makarantu da ma'aikatu, su kuma sa ido a kan masu shigo da irin waɗannan na'urori kamar yadda ake sa ido a kan masu shigo da magunguna. Kafin a kai ga haka, nauyin yana wuyan mai saye. Rangwamen 'yan dubban nairori bai kai a jefa tsimin shekaru cikin hatsari dominsa ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.