Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sanata Barau Jibrin

Ranka ya daɗe,

Na rubuto maka ne a matsayinka na shugaban kwamitin Majalisar Dattawa mai gyaran tsarin mulki, kuma ɗan Kano ta Arewa, wanda ba sai an ba shi labarin zaɓen ƙananan hukumomin jiharmu ba.

A watan Janairun 2021, zamanin Ganduje, hukumar zaɓen jiha, KANSIEC, ta ce APC ta lashe shugabanni 44 da kansiloli 484. Ranar 26 ga Oktoban 2024, zamanin Abba Kabir Yusuf, hukumar nan dai ta ce NNPP ta lashe 44 da 484. Alƙaluman ba su motsa ba, hula kawai aka sauya. Na san za a ce ai 'yan adawa ne suka ƙaurace. To wa zai zuba kuɗinsa a kokawar da alƙalin wasa yaron gidan abokin karawarsa ne? Balle a zaɓen 2024 da farko kuɗin fom ɗin kansila ma naira miliyan 5 aka yanka, na ciyaman miliyan 10.

A rumfarmu, ran zaɓen 2024, mun fi awa uku muna zaune a gindin darbejiya. Mai sayar da ƙosai ta ƙarar da kaskonta ta tafi, dattawa suka watse sallar azahar. Wani tsoho ya naɗe katinsa a leda ya mayar aljihu, ya ce mu tashi, an riga an gama a can sama. Da daddare muka ji sakamako a rediyo.

Sai ga 16 ga Agustan 2025, INEC ta zo mazaɓarka. NNPP ta ci cike gurbin kujerar majalisar jiha ta Bagwai da Shanono, APC kuma ta ɗauki Ghari da Tsanyawa a zaɓen da aka sake a wasu rumfuna. Ba na wanke INEC, an yi ƙorafi, an kama 'yan daba da makamai. Amma ko ba komai an fafata, kowa ya kwana bai san inda za ta faɗi ba. Ashe dai Kano ba bakinta ɗaya ba.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ce a tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Madalla. Sai dai ciyaman ɗin da gwamna ya ɗora da hannunsa, ko a aljihunsa aka zuba kuɗin, gidan gwamnati zai kai su da ƙafarsa.

Matsalar tana sashe na 197 da na 198 na tsarin mulki, inda aka bar wa gwamna naɗa shugaban hukumar zaɓen jiha, majalisar jihar da ke tafin hannunsa ta amince. Roƙona, ranka ya daɗe, ku cire wannan wuƙa daga hannun gwamnoni, har da na jam'iyyarku, ku miƙa zaɓen kansila da ciyaman ga INEC kafin wa'adin majalisarku ya ƙare a 2027.

Na bar ka lafiya.

Naka,
Wani mai ƙuri'a daga Kano