Kada mu kori Ibro mu bar Mista Bin

Jama'a, mun ji wasu iyayenmu a Mai Wurno da ƙauyukan Jazira suna hana yara kallon marigayi Rabilu Musa Ibro, wai shashanci ne, alhali sun ƙyale musu Mista Bin na Ingila domin ba ya faɗin abin kunya. Da girmamawa muke cewa an yi kuskure.

Wasan Mista Bin na asali kashi 15 ne kacal, daga 1990 zuwa 1995, amma har yau yaranmu sun haddace shi a wayoyinsu. Sirrinsa shi ne kusan ba ya magana. Yaro zai ƙyalƙyale da dariya ya tashi bai ƙaru da kalma ko ɗaya ba.

Shi kuwa Ibro, da Samanja mazan fama, ba ka cin moriyarsu sai ka san habaici da zambo da karin magana. Yaronmu Larabci yake yi a makaranta, Larabci a kasuwa. In ya yi dariyar habaicin Ibro ba tare da an fassara masa ba, Hausa na nan da rai a bakinsa.

Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka iso bakin Nilu da Alƙur'ani da harshensu. Mun riƙe na farko, na biyun ne ke sulluɓewa.

Ba kowane fim ne ya dace ba, mun yarda. To, mu tace, mu zauna tare da yaran, abin da ya shige musu duhu mu warware musu.