Inuwar Naruto a Ranar Gummi

Ɗan ƙanwata yana aji biyar na sakandare a nan Gummi, kuma tun bara, in ya dawo daga makaranta, ba shi da aiki sai zanen katun a wata Tecno mai tsagaggen gilashi. Da ɗan yatsa yake yi. Gwaninsa Naruto, yaron nan mai gashi kamar an watsa harawa, wanda Masashi Kishimoto na Japan ya fara bugawa a 1999. Burin ɗan ƙanwar tawa shi ne Naruto ya shigo kasuwar Gummi ya tsaya shan fura. Uwarsa ta ce asarar kuɗin caji ne. Ni ban ce haka ba, amma ina da nawa ƙorafin.

Na zauna na ga yadda yake aikin. Ba ya sake zana mutum a kowane motsi, 'yar tsana yake haɗawa. Kai daban, gangar jiki daban, damtse, sangalin hannu, cinya, ƙwauri, kowanne a fallensa cikin manhajar ibisPaint. Yana zagaye bakin kowace gaɓa ya ɗora ta kan 'yar'uwarta, don kada rami ya bayyana in gwiwa ta lanƙwashe. Daga nan ya kwashe su zuwa manhajar Alight Motion, ya kafa wa kowace inda za ta juya. Duk wanda ya taɓa soke kara da ƙaya ya yi doki yana yaro ya san wannan dabara. Tsohuwa ce ma a fim: da almakashi da kwali Lotte Reiniger ta Jamus ta yi fim ɗin Yarima Ahmad a 1926, daga labaran Dare Dubu da Ɗaya.

Inda muka saɓa shi ne inuwa. Naruto ya fito tsaf, domin an riga an yi masa ƙa'ida: farar fata, inuwa ruwan hoda ƙarƙashin haɓa. Da aka zo kan mai furar, sai yaron ya ɗauki launin ƙasa ya shafa mata baƙi-baƙi a gefen fuska, ta fito toka-toka kamar wadda ta tashi daga jinya. Na ce, "Kai, ka taɓa ganin Bafillatana haka?" Ya ce, "Kawu, haka ake koyarwa a YouTube."

To, masu koyarwar ba ƙarƙashin ranarmu suke zaune ba. Na ja shi ƙofar gida da azahar na ce ya dubi masu wucewa. Rana a tsakar ka take, inuwa ba ta kwanta a gefe ba, tana ƙarƙashin hula, cikin kwarmin ido, ƙasan hanci. Baƙar fata kuwa haske ne ke fito da siffarta, ƙyallin goshi da doron hanci da kumatu. Inuwarta ja-ja ce mai duhu, wani lokaci har da shuɗi-shuɗi. Da hunturu, in hazo ya sauka, inuwar ma kusan ɓacewa take yi. Shadda sabuwar bugu tana da nata ƙyalli, wanda ba na atamfa ba ne.

Babbar riga ma ta ba shi wahala, don ba ta da gwiwar hannu. Sai da ya yanka ta gida uku kafin mai rigar ya iya ɗaga hannu ya saɓa ta a kafaɗa. Wannan ba wanda zai koya masa daga Tokyo.

Ba na cikin masu cewa yaranmu su bar Naruto su koma Gizo da Ƙoƙi dole. Da kwaikwayo ake koyon hannu, kuma yaron da ya jure rufe layukan waya da aka yi mana a Satumbar 2021 ya cancanci a bar shi da abin da yake so. Abin da ke damuna, duniya ta san fuskokin yankinmu, irin su Anka da Bukkuyum, ne ta hotunan gubar dalma ta 2010, a ƙauyukan Bagega da 'Yargalma, sai kuma labarin 'yan bindiga. In ga yaron da zai iya zana mu muna ciniki muna dariya, ina so fatar ta zama tamu.

Jiya ya kawo mini sabon gwaji, daƙiƙa tara. Mai furar ta yi kyau, goshinta na ƙyalli. Sai dai ya manne inuwar a jikin hannun, da ta ɗaga ludayi inuwar ta juyo sama tana kallon rana. Na nuna masa, ya ce zai ware ta a falle daban in an kawo wuta.